Igiyoyi Tara na Badamasi

"Kalma ɗaya ce fa, ya abuya. In ya ce maka kyaftin, ka ce na'am. Halas, shi ke nan!"

Hure ta dakata da tsintar shinkafar da ke faranti a kan cinyarta. Muryar Majid ce, ɗan maƙwabcinta Badamasi, yana yi wa uban tsawa, kuma ba sai ta kasa kunne ba. Abin da ya raba ɗakinta da falonsu ba bango ba ne na kirki, katako ne mai gida ya kafa ya shafe da farin fenti don ya mai da gida ɗaya biyu, a wani tsohon bene cikin lungunan unguwar Jarwal a Makka. Shekara ashirin da shida tana jin tarin mutanen can, da atishawarsu, da ƙarar cokalinsu a kofin shayi.

"Ni ban taɓa riƙe sitiyarin jirgin nan ba," in ji Badamasi, a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. "Ko da wasa."

"Wa ya tambaye ka? Wa zai tashi ya je Jidda bincike? Ammi Abdulilah bai san bambancin jirgi da bahon wanka ba."

"To me ya kai ka gaya masa?"

"Me zan gaya masa? In ce ubana mai wankin igiya ne? In ce ya ba ni Manal, da digirinta da komai, ta shigo gidan da aka rataye igiyoyin wani likita a bango kamar hanjin raƙumi a mahauta?"

"Ba su bushe ba, Majid. Gobe da safe zan mai da su."

"Ka bar uwata saboda su. Yau ka bar su saboda ni. Yini ɗaya!"

Hure ta ture farantin gefe. Ta san abin da ke tafe, don wata biyu ke nan babu wata magana a gidan sai ita. Majid, da yake karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami, yana neman auren Manal, 'yar Abdulilah mai shagon tabarau a unguwar Shisha, wanda yake kira ammi, wato baffa. An je an gaisa, an kai sallama, amma uban bai ce ya bayar ba. Ya ce sai ya zo da kansa ya sha gahawa da uban yaro, yau Juma'a bayan la'asar. Samari biyu ya riga ya sallama a irin wannan shan gahawar, ɗaya don ubansa direba ne, ɗaya kuma bai ma faɗi dalili ba. Shi ne Majid ya riga kowa, ya ce nasa uban kyaftin ɗin jirgin ruwa ne da ya kusa ajiye aiki. Yanzu auren ya rataya a kan harshen Badamasi: in ya amsa sunan an ba da yarinya, in ya musa ta tafi.

Hure ta san Badamasi tun kafin a haifi mai tsawar nan. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gumel, inda rijiya take gaba arba'in, kuma tun yana ƙarami aikinsa jan guga. Yana da shekara ashirin da uku ya zo Hajji ya ƙi komawa. Ya yi dako, ya yi shara, ya gangara Jidda yana wanke motoci a bayan wani asibitin haƙori. A nan ne likitan wurin, wanda har yau Badamasi bai taɓa kiran sunansa ba sai dai ya ce Daktor, ya leƙo ta taga ya ga yadda yake naɗe tiyon ruwa bayan ya gama. Ya sa aka sake warware tiyon, ya ce ya naɗe a gabansa. Washegari ya ɗauke shi a mota zuwa bakin teku a Abhur, ya nuna masa jirginsa, irin wanda iska ke turawa, mai dogon turke da manyan fararen ƙyallaye. Ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, da sunansa. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba, wanda har gobe bai iya iyo ba, shi ne ya shekara ashirin da takwas a kan teku.

Aikinsa a wuri ɗaya yake, wani ɗan rami a bayan jirgin inda sitiyari yake, inda mutane ke zama, inda kuma duk igiyoyin da ke ɗaga ƙyallayen da juya su suke gangarowa su haɗu. Badamasi yana kiran wurin zaure. Igiyoyi tara ne, kowace da sunanta na Turanci a rubuce, shi kuma bai iya karatun ba, sai ya raɗa musu nasa: Dogo, Gajere, Ja, Shuɗi, Hassan da Husaini da ke dama da hagu, Mai Gardama, Bebe, da Auta. Har Daktor ya koya. Hausarsa ke nan duk duniya, ya tsaya a sitiyari ya daka tsawa, "Saki Hassan! Ja Husaini!" baƙinsa suna dariya suna ɗaukar hoto.

Hure ta ji dokokin zauren nan har ta haddace, don Badamasi ba shi da wata hira. Igiya ba ta zama a ƙasa. Ba a naɗe ta zagaye kamar gammo, don kowane zagaye murɗa ce, ranar da aka sake ta da gudu sai ta ƙulle a bakin ƙarfe. Ana naɗe ta ne kamar takwas ɗin Turawa, a fara daga inda take ɗaure a gangara zuwa jela, don murɗar ta samu hanyar fita. A rataye ta yadda hannu ɗaya zai fizge ta ta zubo ba tare da an duba ba. Kowace da jakarta, kuma shi ya ɗinka jakunkunan da hannu, daga tsofaffin mayafan harami da alhazai ke yasarwa a otal bayan sun gama ibada. Duk wata yakan zare igiyoyin, ya yi musu doguwar tafiya a motar haya zuwa Makka, ya jiƙa su a ruwan daɗi gishiri ya fita, ya rataye a ƙusoshi tara da ya kafa a falo, don ranar saman bene tana cin igiya.

Yatsu biyu na hannunsa na hagu ma a zauren suka tafi. Wani baƙo ne ya ja Husaini don wasa ya yar a ƙasa, 'yar Daktor ƙarama ta sa ƙafa a cikin zoben, iska kuwa ta juya. Badamasi ya cafke igiyar da hannu kafin ta shaƙe ƙafar yarinyar, ita kuma ta ja hannun ta shigar da shi cikin ƙarfen naɗi. Tun daga ranar, ko igiyar takalmi ya gani a kwance sai ya sunkuya.

Mutanen unguwa suna ba da wannan labarin da sha'awa. Hure tana da wani da ba ta bayarwa. Ranar da Kabira, matarsa, ta cika, ita ce ta rufe mata ido, ita ce ta buga masa waya da azahar. Jirgin ya riga ya dawo bakin gaɓa. Da ya fita a lokacin, da ya samu sallar da aka yi mata a Harami bayan la'asar. Amma ya tsaya ya naɗe tara ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, ya sa kowace a jakarta, sannan ya nemi mota. Ya iso an dawo daga maƙabarta. Majid yana da shekara bakwai, yana zaune a cinyar Hure. Da ta tambaye shi me ya tsai da shi, bai yi ƙarya ba, ya ce ba a barin zaure a hargitse. Tun ranar take kallon tsaftar nan tasa da wani irin ƙyama, irin wadda mutum yake yi wa wuƙa mai sheƙi da ya san abin da ta yanka.

Ba a jima ba aka buga ƙofarta da ƙafa. Majid ne, da manyan baƙaƙen ledojin shara uku, ruwa yana ɗiga daga gindinsu.

"Hala, ajiye mana waɗannan zuwa anjima."

"Yau kuma hala na zama, da Larabci? Da kana yi mini fitsari a zane Inna nake."

"Inna, hala, duk ɗaya, ba ni da lokaci wallahi."

Ta buɗe bakin leda ɗaya. Igiyoyin ne a cakuɗe, jiƙaƙƙu, ja ta shiga cikin shuɗiya, jakunkunan harami an cusa su a kai kamar tsumman goge ƙasa.

"Haka ka zuba su? Ubanka ya gani?"

"Yana banɗaki. Na ce ya aske gemun nan." Ya miƙo mata kan wata doguwar farar waya. "Sa wannan a soket ɗinki. Na aro na'urar sanyi, namu soket ɗin ba zai ɗauka ba. Ki zuro min ta ramin nan."

Akwai rami a jikin katakon, daidai ƙugun mutum, wanda aka huda tun zamanin wayar talabijin. Ta zura masa, ya ja daga can ɓangaren har sai da ya kusa tuge soket ɗin, sannan ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon wayarsa ta hannu, ba ita ba.

"Gahawar ki sa hel, ƙwayar ƙamshin nan, da yawa. Dabinon na firij. Kuma ki ajiye tiren a bayan ƙofa ki ƙwanƙwasa, ni zan ɗauka. Kar ki shigo."

"Da ma falon maza zan shiga?"

"In ya ji motsi ya tambaya, zan ce shagala ce, mai yi mana aikin gida. Kar ki ji haushi. Gidan kyaftin dole akwai shagala."

Hure ta dube shi. Ga tabon nan a haɓarsa, na ranar da ya faɗo daga matakala ta goya shi da gudu zuwa asibiti ba ko mayafi na kirki. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Hel nawa?"

"Da yawa, na ce."

Da ya tafi ta tsaya a tsakiyar ɗaki da ledojin suna jiƙa mata darduma, ta kama kanta tana tunanin leshin da za ta ɗinka na biki, da inda za a zaunar da ita a zauren taro, ko kusa da dangin amarya. Wato ita ma da kujera aka saye ta, kujerar da ba a ma yi mata alkawarinta ba. Ta tofar da yawu a wurin wanke-wanke, ta ɗora tukunyar gahawa.

Abdulilah ya iso bayan la'asar da kaɗan, shi kaɗai. Wai don kar a takura wa kowa. Hure ta san don kar wani nasa ya ga matakalar gidan ne, da kwandon sharar da kuliyoyi suka kifar a ƙofa. Ta ajiye tire, ta ƙwanƙwasa, ta koma ɗakinta ta jawo ƙaramar kujera ta sa ido a ramin, gefen wayar.

Ta san baƙon nan sarai. Uwarsa, Allah ya jiƙanta, da gwaggon Hure suka yi zaman sayar da gyaɗa da ƙuli a bakin hanyar alhazai, shi kuma yana zagaye da su ana kiransa Audu. Yanzu ya yi ƙiba, ya yi gemu mai layi kamar an zana da biro, kuma in aka gaishe shi da Hausa sai ya karkata kai yana murmushi kamar an yi masa yaren China. Ya zauna a kan sabon matashin da Majid ya aro, ya baza farin tob ɗinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, yana kallon bango. An rataye hoton wani ƙaton jirgin kaya a kan ƙusa ɗaya. Sauran takwas ɗin suna nan tsirara, kowace da tabon danshi a ƙarƙashinta.

Badamasi yana gefe. An sa masa mishlahi, alkyabbar nan ta manya mai zare-zaren zinariya, ta yi masa yawa a kafaɗa. An aske gemun har fatar ta yi fari-fari. Ya ɓoye hannun hagu a cikin aljihu. Hure ta ga kamar an wanke gawa an jingina ta da bango.

Da Larabci ake hirar, kuma Majid ne yake yin kusan dukanta. In Abdulilah ya tambayi uban, ɗan ne ke amsawa.

"Abu Majid, teku dai ta saba da kai."

"Shekara talatin, ya ammi," in ji Majid yana tsiyaya gahawa. "Babu tashar da bai sani ba."

"Masha Allah. Ba ya son magana, ko?"

"Haka mutanen teku suke."

Amma Hure ta lura ba kunya ce ta rufe bakin Badamasi ba. Idonsa ba ya kan baƙo, ba ya kan ɗansa. Yana ƙasa. Farar wayar da Majid ya ja da safe ta fi abin da ake bukata tsawo ninki uku, shi kuma ya watsar da ragowar a kan kafet, zobe a kan zobe, daidai gaban matashin baƙo. Abdulilah kuwa mai karkaɗa ƙafa ne in yana magana. Ƙafar, cikin baƙar safa, ta matsa, ta dawo, ta taɓa wayar, ta ɗaga zobe ɗaya da babban yatsa, ta shige ciki har idon sawu.

Gumi ya tsatsafo a goshin Badamasi duk da sanyin aro da ke busowa. Hannun hagun ya fito daga aljihu da kansa, yatsu ukun suna motsi a kan gwiwarsa, suna zana takwas. Ya mai da shi. Ya sake fitowa. Hure ta ji kanta tana cewa a zuci, zauna, tsoho, zauna, waya ce kawai, ba iska a falon nan, ba abin da zai ja ta. Majid yana tsaka da bayanin yadda ubansa ya ƙi aiki da wani kamfanin Turawa, baƙon ya sake karkaɗa ƙafa, zoben ya ɗan tsuke.

Badamasi ya sauko. Ba tashi ya yi ba, zamewa ya yi daga matashin zuwa gwiwoyinsa, mishlahin yana jan ƙasa a bayansa, ya rarrafa taku biyu har gaban baƙon.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya ammi. Ɗaga ƙafa kaɗan. Yauwa, Allah ya ƙara girma."

Muryar ba tasa ta gida ba ce. Siririya ce, mai zaƙi, wadda ya shekara ashirin da takwas yana yi wa baƙin Daktor. Ya tallafi diddigen mutumin da ya girme wa da shekara goma, ya zare zoben, ya kama wayar daga bakin rami. Hure ta ji ta motsa a gefen kumatunta. Ya fara naɗi, hagu, dama, hagu, dama, yatsu uku da biyar suna aiki kamar ba su taɓa rasa 'yan'uwa ba, har ya kai jela. Ya zagaye wuyan naɗin sau biyu, ya miƙa hannu ya rataye a ƙusa ta biyu, ta Gajere. Sannan ya dawo ya tsuguna a kan dugadugansa, hannu a ƙirji, kai a sunkuye, yana jiran a sallame shi.

Babu wanda ya taɓa ganin bara sau ɗaya a rayuwarsa da zai kasa gane wannan tsugunon.

Majid ya ajiye butar gahawa a kan tire. Fuskarsa ta yi toka. Hure ta ji wani abu mai kama da daɗi ya taso mata, mugun daɗi, ta ce a ranta to, shagala tana gaisuwa. Sai kuma ta tuna yaron yana son yarinyar nan da gaske, ta sha jin sa ta cikin katako yana yi mata waya da muryar da bai taɓa yi wa kowa ba, daɗin ya gushe.

Abdulilah ya kalli tsohon da ke gabansa. Ya kalli ƙusoshin. Ya ɗauki dabino ɗaya, ya cire ƙwallon a nutse.

"Masha Allah," ya ce. "Ka gani, Majid? Wannan shi ne tsarin kyaftin na gaskiya. Ba ya iya ganin abu a karkace ko a gidansa. Tashi, Abu Majid, tashi ka zauna, ka ba ni kunya."

Nan take Hure ta gane. Mutumin nan ya sani. Ya sani tun kafin ya hau matakala. Wane Bahaushe ne a Makka, daga Jarwal har Zahir, bai san Badamasi Mai Igiya ba, da buhunsa a kafaɗa a tashar motar Jidda? Ba gaskiya ya zo nema ba. Yarinyarsa ta kafe a kan Majid, shekaru suna tafiya, ya riga ya yanke zai bayar. Abin da ya rage masa shi ne abin da zai faɗa wa mutane, kuma yana so ya fito daga bakin mai shi, don in ta tashi wari wata rana ya ce shi ma ruɗarsa aka yi.

"Ina da tambaya ɗaya," in ji Abdulilah, bayan Badamasi ya koma matashinsa. "Dangin matata suna Riyad, masu son bin diddigi ne. A katin gayyata, me za mu rubuta? Majid ɗan Kyaftin Badamasi. Haka ne, ko? Kai nake tambaya, Abu Majid, ba shi ba."

Na'urar sanyi tana ta gurnani. Badamasi ya dubi ɗansa, wanda idonsa ya kawo ruwa, leɓensa yana motsi ba sauti. Ya dubi ƙusoshin. Duk abin da take ƙi a tsohon nan, abu ɗaya ta yarda da shi: mutumin da bai yi mata ƙarya ranar mutuwar matarsa ba, ba zai yi wa Audu ɗan mai gyaɗa ba.

"Na'am," in ji Badamasi. "Kyaftin."

Majid ya sauke ajiyar zuciya har Hure ta ji ta. An gama, kalma ɗayar ta fito, da nan ya tsaya da ta iya cewa uba ne ya haɗiye ƙazanta don ɗansa. Amma Badamasi ya gyara zama. Ya jawo mishlahin ya daidaita shi a kafaɗa. Ya ɗaga hannun hagun da ya yini yana ɓoyewa, ya juya shi a cikin haske.

"Ka ga wannan? Wata rana ce muna dawowa, iska ta juya mana ba sallama. Ina kan sitiyari."

"Allahu Akbar," in ji Abdulilah, ya matso.

"Akwai wani mai kula mini da igiyoyi, wani baƙauye, daga rijiya aka ɗauko shi. Ya yi sakaci ya bar igiya a ƙasa. 'Yar wani babban baƙo ta sa ƙafa. Na saki sitiyari da hannu ɗaya, na cafke igiyar da ɗaya."

"Ma'aikata ke nan," in ji Abdulilah yana girgiza kai. "Ka ɗauke su daga titi, ka yi musu takarda, su saka maka da haka. Ka kore shi dai?"

"Na bar shi. Ina zai je? Bai iya komai ba sai naɗe igiya."

Suka yi dariya su uku. Ta Badamasi ta fi ƙarfi, wata dariya mai faɗi daga ciki wadda Hure ba ta taɓa ji ta ratso katakon nan ba a shekara ashirin da shida. Ya ci gaba. Ya ba da labarin guguwar da bai gani ba, da tashoshin da bai taka ba, Larabcinsa na 'yan dako yana gyaruwa a bakinsa. Har ya miƙa wa Majid kofi ba tare da ya kalle shi ba, ya karkaɗa shi, yadda Daktor yake yi. Hure ta janye ido daga ramin. Ta ji lokacin da Abdulilah ya ce ya ba Majid Manal, ta ji sun karanta Fatiha, ta ji amin ɗinsu mai kauri. Ta tashi ta wanke fuskarta da sabulu, kamar ita aka fesa wa wani abu.

Rana ta yi ja a kan dogayen otal ɗin da suka tsaya wa unguwar a ka lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofarta, a hankali, sau biyu. Majid ya raka surukinsa mota. Badamasi ne tsaye, har yanzu da mishlahin, gefensa ya kwashi ƙurar kafet.

Ba ta gaishe shi ba. Ta jawo ledojin ɗaya bayan ɗaya ta tura su bakin ƙofa da ƙafa. Ta ukun ta yage, igiyoyin suka zubo a dunƙule, suna warin danshi, Hassan ya shaƙe Mai Gardama, jelar Auta ta ɓace a tsakiya. Ta jira ta ga ya firgita, ya durƙusa, ya yi salati. Ya dai tsaya yana kallonsu, kamar mai kallon 'ya'yan maƙwabta.

"Barka da arziki, Kyaftin," ta ce. "Shagala na taya murna. Baƙauyen nan na rijiya fa, a gaishe shi in an gan shi."

Ya ɗago ya dube ta. Babu kunya a idon, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Wani haske ne a ciki, irin na wanda ya ci abinci mai maiƙo bayan doguwar yunwa. Ya tuɓe mishlahin, ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa, ya ɗora a kan takalmansa don kar ya taɓa ƙasa. Sannan ya tsuguna a bakin ƙofar, yatsunsa suka shiga cikin dunƙulen suna laluben jela.

"Kar ki yi mini wannan kallon, Hure," ya ce, bai ɗago ba. "Na ɗauka zan ji ƙyamar kaina. Wallahi daɗi na ji. Shekara ashirin da takwas ina tsugune a ƙafar mai sitiyarin nan, kin zaci igiya nake kallo? Taka mini kan Dogo, kar ki saki sai na ce."